Ranar da Masu Gudu Uku Suka Tsaya a Daji

  

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan karo wani ɗan al'amari ne da ya faru a kan idonmu ranar wasannin makarantarmu, a ƙarshen zangon karatun da ya wuce. Ana cikin tseren miƙa sanda na 'yan aji shida, sai yaron da ke kan gaba ya yi tuntuɓe ya faɗi, gwiwarsa ta daki dutse, jini ya soma zuba. Wanda ke biye da shi, maimakon ya kauce ya wuce, sai ya tsaya cik, ya kama shi ya tayar, ya ja shi gefen fili. Kafin ya waiwaya sauran biyun sun yi nisa, rukuninsa ya zo na ƙarshe. Da aka tashi, mahaifin yaron da ya tsaya ya same mu a gindin mangwaro, ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, ashe abin da kuke koya musu ke nan? Yaro ya ga nasara a tafin hannunsa ya zubar? Ba ga masu akwatin magani can a zaune ba?" Muka ce, "Alhaji, a yi haƙuri, a bar maganar sai an huce." Muka yi masa alkawarin amsa. To, ga amsar, mun kuwa kawo ta nan ne don mun san ba shi kaɗai ke da wannan tunani ba a cikinmu.

Amsar tamu labari ne na wani Bafaranshe mai suna Thierry Gueorgiou, da abin da ya same shi shekara huɗu a jere a gasar duniya ta wani wasa da ba a san shi sosai a nan wajenmu ba. Turawa suna kiran wasan oriyantirin. Mu a nan za mu kira shi tseren taswira. Sai mun fara bayyana yadda ake yinsa kafin labarin ya yi ma'ana.

Yadda ake tseren taswira

A tseren da muka saba gani, an shata hanya, an zuba farar ƙasa, kowa ya san inda zai bi, abin da ya rage kawai ƙafa da numfashi. A tseren taswira babu hanyar da aka shata. Ana kai mutum bakin dajin da bai taɓa shiga ba, a miƙa masa taswira a daidai lokacin da agogo ya fara ƙirga masa, yana riƙe da kamfas. A kan taswirar an zana alwatika, watau inda zai tashi, sa'an nan ƙananan da'irori masu lamba, ɗaya, biyu, uku, har zuwa da'ira biyu ɗaya cikin ɗaya, wadda ita ce ƙarshen tafiya. Kowace da'ira tasha ce. A can cikin dajin, a tsakiyar wurin da da'irar ta nuna, an rataye wata 'yar tuta mai launin fari da ruwan lemo, faɗinta santimita 30, tsawonta santimita 30, wataƙila a bayan wani dutse, ko cikin wani ɗan rami, ko a bakin fadama. Aikin mai gudu shi ne ya nemo tashoshin nan bi da bi, ya taɓa wata 'yar na'ura da ke yatsansa a kowace tasha don shaida ya zo. Wanda ya gama cikin lokaci mafi ƙanƙanta shi ya ci. Wanda ya tsallake tasha ɗaya tak bai koma ba, ko ya taɓa ta wani a madadin tasa, an soke shi, ko da ya fi kowa gudu.

Mu malamai da muka sha fama da koyar da taswira a aji mun san ma'auni shi ke fara rikita yaro. A doguwar gasa ana amfani da ma'aunin 1:15,000, watau santimita 1 a takarda daidai take da mita 150 a ƙasa. A matsakaiciya kuwa 1:10,000 ne, santimita 1 mita 100 ke nan. Launukan ma ba kamar na taswirar bangon aji suke ba. Fari yana nufin dajin da ake iya ratsawa a guje, kore kurmi ne mai sarƙaƙiya, ruwan ɗorawa fili ne, shuɗi ruwa ko fadama, baƙi duwatsu da hanyoyi da gine-gine. Layuka masu ruwan ƙasa su ke nuna tudu da kwari, yawanci tsakanin layi da layi hawan mita 5 ne, in suka matsu da juna to gangare ne mai tsanani. Duk wannan mutum zai karanta shi yana gudu, rassa suna dukan fuskarsa, zuciya tana bugawa.

Mu Hausawa mukan ce matambayi ba ya ɓata. To, a wannan wasa an hana tambaya. Ba a yarda ka tambayi kowa hanya ba, ba a kuma yarda wani ya nuna maka ba. Ana sallamar 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, da tazarar minti 2 ko 3, don kada wani ya bi sawun wani. Ranar gasa akan killace su wuri guda ba waya, don kada labarin dajin ya iso musu. Dajin kansa ma akan haramta musu shigarsa shekaru kafin gasar. Tsakanin tasha da tasha kuma kowa shi ke zaɓar hanyarsa: ko ya miƙe ya hau tudu, ko ya zagaya ta hanyar ƙafa mai nisa amma mai sauƙi. Hanyar lafiya a bi ta da shekara, in ji magabata, amma a nan agogo yana tafiya, shawarar kuma cikin daƙiƙa biyu ko uku ake yanke ta. Babbar wahalar wasan ita ce, in mutum ya ƙure gudunsa sai kai ya daina aiki sosai, ya ɗauki wannan tudu a matsayin wancan, ya yi minti biyar yana neman tuta a inda babu ita. A nan ne ake ganin gaskiyar karin maganar nan cewa sauri ya haifi nawa.

Asalin wasan daga ƙasashen arewacin Turai ne. Ya faro ne a ƙarshen ƙarni na 19 a matsayin horon sojoji a Suwidin da Norwe, aka yi gasar farko ta farar hula a Norwe a 1897, kusa da Oslo. Wani hafsan soja kuma shugaban 'yan sikawut na Suwidin, Ernst Killander, shi ya yaɗa shi a tsakanin matasa, har ake kiransa uban wasan. An kafa ƙungiyar wasan ta duniya a 1961, aka yi gasar duniya ta farko a Finlan a 1966. A waɗannan ƙasashe abin kamar biki ne. A Finlan akwai tseren Jukola, wanda aka fara a 1949, inda rukuni-rukuni na mutum bakwai-bakwai suke tashi da dare, da fitilu a goshi, su kwana suna ratsa daji. A Suwidin akwai O-Ringen na kwana biyar, wanda dubban mutane ke halarta, yara da tsofaffi.

Sarkin matsakaiciyar gasa

An haifi Thierry Gueorgiou a 1979 a garin Saint-Étienne na ƙasar Faransa, ƙasar da a lokacin ba a lissafa ta cikin manyan wasan. Mahaifinsa, Michel, shi ne mai horar da shi. Yaron ya tashi da taswira a hannu, amma da ya shiga sahun manya sai ya tarar ƙwarewarsa ba ta kai shi gaba ba. Ya sha bayyana abin da ya gano daga baya: yana ɓata lokaci wajen karanta kowane ɗan dutse da kowane ɗan rami. Sai ya sake salo, ya koyi zaɓar manyan alamomi kaɗan waɗanda ake hangowa daga nesa, ya riƙa ɗaga kai yana neman abin da ya riga ya san zai gani a gaba, maimakon ya sunkuya yana tabbatar da abin da ya wuce. Ya kuma shiga wata ƙungiya ta Finlan mai suna Kalevan Rasti don ya goge a dazuzzukan masu abin.

A 2003, a ƙasar Suwizalan, ya ci zinariyarsa ta farko a matsakaiciyar gasa, wadda gwanaye ke gamawa cikin minti 30 zuwa 35, ya kuma ba na biyu ratar fiye da minti 2. A tsere irin wannan rata ce mai ban tsoro. Ya sake ci a 2004 da 2005, ya rasa a 2006, ya dawo ya ci a 2007 da 2008 da 2009. Har aka riƙa yi masa laƙabi da sarkin matsakaiciyar gasa.

Amma akwai abu guda da ya gagare shi, watau tseren karɓa-karɓa na ƙasashe. A wannan tsere kowace ƙasa tana kawo mutum uku. Na farkon kowace ƙasa suna tashi gaba ɗaya, in mutum ya dawo ya taɓa ɗan'uwansa, shi kuma ya ɗauki tasa taswirar ya shiga. Don kada a bi juna ido rufe, akan rarraba wasu tashoshin, ta yadda mutum biyu da ke gudu kafaɗa da kafaɗa ba lallai tuta ɗaya suke nema ba. Faransa ta taɓa samun azurfa a Japan a 2005, amma ba ta taɓa cin zinariya ba. Gueorgiou shi ne na ƙarshe a rukuninsu, watau a hannunsa wahalar 'yan'uwansa biyu take ƙarewa, ko ta yi riba ko ta tashi a banza.

A 2008 aka yi gasar a Olomouc, a Jamhuriyar Cek. Yana kan gaba, saura ƙiris ya iso, sai ƙudan zuma ya faɗa masa baki ya harbe shi. Numfashi ya soma gagararsa, ala tilas ya bar tseren, aka ɗauke shi a jirgi mai saukar ungulu zuwa asibiti. Birtaniya ta ci zinariya. Ku riƙe wannan a zuciya, masu karatu, don ku san irin ƙishin da ya zo da shi shekarar da ta biyo.

Abin da ya faru a Hangare

A watan Agusta na 2009 aka taru a Miskolc, ƙasar Hangare. Gueorgiou ya riga ya ci zinariyar matsakaiciyar gasa a wannan mako. Ranar karɓa-karɓa, da aka zo zagaye na ƙarshe, mutum huɗu ne ke kan gaba: Martin Johansson na Suwidin, Anders Nordberg na Norwe, Michal Smola na Cek, da shi Gueorgiou. Lambobin yabo uku ne, masu nema huɗu, sauran ƙasashe suna baya.

Suna cikin gudu sai wani tsinken icce ya soki Johansson a cinya, ya nutse har kimanin santimita 12. Ya faɗi. Babu ɗan kallo a wurin, babu alƙalin wasa, babu mai akwatin magani. Daji ne, sai su huɗu. Wanda duk ya karanta kimiyyar jiki ko ta firamare ce ya san akwai babbar jijiyar jini da ke ratsa cinya, in aka same ta mutum na iya rasa ransa cikin 'yan mintoci. A wannan lokaci babu wanda zai iya sanin ko an same ta ko ba a same ta ba.

Su ukun suka tsaya. Nordberg ya juya a guje ya tafi neman likita. Gueorgiou ya tuɓe rigarsa, ya haɗa da maɗaurin na'urar nan da ake ɗaura musu a baya don 'yan kallo su ga inda suke a allo, ya ɗaure raunin. Shi da Smola suka ɗauki Johansson suka fito da shi bakin hanya, inda Nordberg ya iso da likita. A can filin taro kuwa jama'a suna kallon allo, suka ga ɗigon manyan ƙasashen nan huɗu ya daina tafiya yadda ya kamata, ba su san dalili ba. Waɗanda ke baya suka zo suka wuce. Suwizalan ta ci zinariya, Rasha azurfa, Finlan tagulla. Da aka miƙa Johansson hannun likita, mutanen nan uku suka ƙarasa tserensu tare, suka iso can baya bayan an gama rabon komai.

Masu shirya gasa suka zauna shawara. A dokokin wasan akwai ƙa'idar da ta ce a soke gasa in wani abu ya auku da ya sa ta zama ba adalci. Akwai kuma wadda ta ɗora wa kowane ɗan wasa alhakin taimakon wanda ya ji rauni. Bayan doguwar muhawara suka bar sakamakon yadda yake. Watau waɗanda suka bi doka suka tsaya sun tashi hannu rabbana. Johansson ya warke, ya koma wasa, daga baya ma ya yi suna a tseren zamiya a kan dusar ƙanƙara.

Ina gaskiyar take?

To, Alhaji, ga inda maganarka ta shigo, kuma ba za mu ce ba ta da tushe ba. Lambar da Gueorgiou ya bari ba tasa ce shi kaɗai ba. Mutum biyu sun riga sun yi gumi sun miƙa masa amana, sun shekara suna shiri, wataƙila kuma ba za su sake samun dama irin wannan ba har su tsufa. Bai shawarce su ba, ba shi da lokacin shawara. Mai neman hujja zai iya cewa mutum ɗaya ya isa ya tsaya, ko biyu, na ukun ya wuce. Haka ɗanka ma, sandar da ke hannunsa ta yara huɗu ce.

Amma mu duba da kyau. In aka ce ɗaya ya tsaya biyu su wuce, wa zai tsaya? Kowanne daga cikinsu yana da 'yan'uwa biyu da ke jira da ƙasar da ke kallo. In kowa ya jira ɗan'uwansa ya fara tsayawa, to babu mai tsayawa. Aikin kansa ma ya nuna ukun ake bukata, ɗaya ya nemo likita, biyu su ɗauki mai rauni. Sa'an nan kuma a auna abin da ke kan sikeli. A gefe guda lambar da a lokacin ake sake bugawa kowace shekara, a ɗaya gefen cinyar mutum, wataƙila ma ransa. In mun ce a wuce, to mu tambayi kanmu, da ɗanmu ne kwance a wurin, hukuncin da za mu yanke ke nan?

Za ka ce raunin da ya faru a filinmu ƙujewar gwiwa ce kawai, masu magani kuma suna kusa. Gaskiya ne. Amma yaro ɗan shekara goma sha biyu da ya ga jini bai san ƙarami ne ko babba ba, kamar yadda mutanen nan uku ba su sani ba. Abin da ya sani shi ne abokinsa ya faɗi. In muka tsawata masa yau a kan ƙaramin, darasin da zai ɗauka shi ne tsayawa wauta ce, kuma da wannan darasi zai je gaban babban, ran da zai ga mutum kwance a bakin titi.

Game da hukuncin masu shirya gasa, mu a ganinmu sun yi daidai, ko da yake da ɗaci. 'Yan Suwizalan da Rasha da Finlan ba su yi laifin komai ba, sun yi gudunsu sun nemo tashoshinsu. Da an soke tseren da an ƙwace musu abin da suka samu ta halal. Akwai kuma wani dalili. Da doka ta ce duk wanda ya tsaya za a biya shi abin da ya rasa, da tsayawar ba ta da nauyin da take da shi. Mutanen nan sun tsaya ne suna sane da cewa mai yiwuwa ba za a mayar musu da komai ba. Wannan ne ya sa har yau, in masu wannan wasa suka tuna gasar 2009, labarin waɗanda suka zo a baya suke fara bayarwa.

Sauran labarin

Kada ku ɗauka daga nan sai daɗi. A 2010, a Trondheim ta ƙasar Norwe, Gueorgiou ya sake samun kansa a sahun gaba a zagaye na ƙarshe. A wannan karo ba zuma, ba mai rauni. Shi da kansa, gwanin gwanayen karatun taswira, ya tsallake tasha ɗaya bai lura ba. Da ya farga ya koma ya taɓa ta, amma aikin gama ya gama, Rasha ta ci, Faransa ta tashi ba lamba. Shekara uku a jere ke nan. Na farko ƙaddara, na biyu zaɓinsa, na uku kuskurensa. Mu malamai mun san wanne ya fi zafi a cikin ukun, don mun sha ganin yaro mai ƙoƙari ya juya takardar jarrabawa bayan an ce a ajiye alƙalami, ya ga akwai tambaya a baya.

A 2011 gasar ta zo gida, yankin Savoie na Faransa, a wani daji mai duwatsu da ramuka wanda ya rikita manyan 'yan wasa da yawa. A wannan mako Gueorgiou ya ci doguwar gasa, wadda ke ɗaukar kimanin awa ɗaya da rabi, ya ci matsakaiciya, sa'an nan shi da Philippe Adamski da François Gonon suka ci karɓa-karɓa a gaban mutanensu. Ya ci gaba ya ci doguwar gasa a 2013 da 2014 da 2015. A 2017, a ƙasar Istoniya, yana da shekara 38, ya sake cin matsakaiciya a karo na 8, ya ajiye gasar duniya da zinariya 14. Bayan nan ya yi aikin horar da 'yan wasan Suwidin, ƙasar mutumin da ya ɗauka a Hangare, daga baya kuma na Finlan.

Mun san wani zai ce, ai ga shi nan, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Haka ne, amma mu yi hattara da yadda muke faɗa wa yara wannan magana. Zinariyar 2011 horo da haƙuri ne suka kawo ta. Michal Smola, wanda shi ma ya ɗauki Johansson a kafaɗarsa, bai taɓa cin zinariya a gasar duniya ta manya ba, kuma ran da ƙasarsa ta ci karɓa-karɓa a 2012 ba ya cikin ukun da suka yi gudun. In muka koya wa yaro cewa ya taimaka don za a biya shi da nasara, ran da ba a biya shi ba zai ce mun yi masa ƙarya. Gara mu gaya masa gaskiya: wani lokaci za ka tsaya ka rasa, ba kuma za a mayar maka ba, duk da haka tsayawar ita ce daidai.

Mu da 'ya'yanmu

Mun fahimci abin da ke cin ran Alhaji. Mu da muke zaune 'yan ƙalilan a cikin jama'a masu yawa mun san sai ɗanmu ya ninka ƙoƙari kafin a lura da shi, shi ya sa in aka kawo sakamakon jarrabawa abin da muke fara dubawa shi ne na nawa ya zo. Ba laifi ba ne a so ɗa ya zo na ɗaya. Gueorgiou kansa babu wanda ya fi shi son cin gasa, zinariya 14 ba ta zuwa hannun mai wasa da aiki. Amma mu tuna yawancinmu a nan, ko iyayenmu ko kakanninmu, wani ne ya tsaya ya karɓe su ran da suka sauka ba su san kowa ba, ya ba su ɗaki da tuwo, ya bar nasa cinikin ya raka su neman abin yi. Da kowa gudunsa kawai yake yi, da ba mu kafu ba.

Mun ɗan gwada wasan nan da ɗalibanmu makon jiya. Muka zana taswirar harabar makaranta a allo, kowa ya kwafa a takardarsa, muka rataye ƙyallaye takwas, a bayan ɗakin ajiya, a gindin rijiya, a kusurwar shinge da sauransu. Ba a kashe ko kwabo ba. Yaron da ya fi kowa gudu a makarantar ya zo na tara, don ya riƙa tashi kafin ya duba takarda. Wata yarinya da ba ta taɓa cin tsere ba ita ta zo ta ɗaya, don takan tsaya ta juya takardar ta daidaita da gabas kafin ta ɗaga ƙafa. A yini guda sun fahimci ma'auni da kusurwoyi fiye da yadda suka fahimta a zango guda na bayani a aji. Muna ba 'yan'uwanmu malamai da shugabannin ƙungiyoyin matasa shawara su jarraba, amma a cikin harabar da aka sani, ba a jeji ba, kuma a kafa doka tun farko cewa wanda ya ga ɗan'uwansa ya faɗi ya tsaya.

Shi kuma yaron da ya tsaya ranar wasanni, mun kira shi a gaban taron safe mun sa an tafa masa. Alhaji, muna roƙonka don girman zumunci, in wannan takarda ta iso hannunka, ka kira shi ka sa masa albarka. Tafin makaranta gaba ɗaya bai kai kalma ɗaya daga bakinka ba a wurinsa. Wanda kuma yake ganin mun yi kuskure, ƙofa a buɗe take, ya rubuto mana, za mu buga ra'ayinsa a wannan fili.